Uwa ta kai ɗanta caji ofis: nazarin abin da ya faru a wani gida a zangon Kumasi

Da wuya a samu yaro a zangonnin Kumasi da bai taɓa jin wannan magana daga bakin uwa ko uba a cikin fushi ba: "Wallahi polis zan kai ka." Daga Aboabo zuwa Asawase, daga Sawaba zuwa Akwatia Line, magana ce ta yau da kullum, kuma galibi a baki take tsayawa. Amma akwai iyayen da tura ke kai su bango har su cika ta. Su kama hannun ɗan da suka haifa, su taka da ƙafarsu zuwa caji ofis, su roƙi ɗan sanda ya ɗan ajiye shi ko ya ɗan razana shi ko zai shiga taitayinsa. Wannan rubutu a kan ɗaya daga cikin irin waɗannan gidaje ne. Na san lamarin ciki da bai, domin yaron ɗalibina ne a makarantar yamma, kuma ina cikin waɗanda suka je karɓo shi.

Ba zan ambaci sunan kowa ba, ko unguwar, ko ofishin 'yan sandan. Da wannan sharaɗi uwar ta yarda in rubuta, kuma dokar Ghana kan yaran da suka shiga hannun hukuma ita ma ta hana a bayyana abin da zai sa a gane yaro.

Gidan haya ne irin na zango, ɗakuna a jere sun kewaye tsakar gida, famfo ɗaya, kowa na jin tarin kowa. Uwar tana sayar da waakye a bakin titi. Ƙarfe uku na dare take tashi ta ɗora wake da shinkafa da karan dafi, ta dafa taliya da ƙwai da ganda, kafin a idar da sallar asuba ta fita da kaya. Sai wajen azahar take dawowa, daga nan kuma kasuwa, daga kasuwa sai gyaran kayan gobe. Uban direban babbar mota ne, yana ɗauko kaya daga tashar jiragen ruwa ta Tema zuwa Wagadugu da Yamai. Yakan yi makonni ba ya gida. Yana turo kuɗi ta MoMo, wato ta waya, ba ya fashi, amma tarbiyyarsa duk ta waya ce. Yaron shi ne ɗan fari, shekararsa 14, yana aji biyu na JHS, wato ƙaramar sakandare, yana da ƙanne mata biyu. A makaranta yana cikin masu saurin hadda, kuma duk lissafin da aka jefa masa yakan amsa kafin wasu su gama rubuta tambayar.

Abin ya fara da ƙananan kuɗi. Sidi biyar, sidi goma, daga robar ciniki. Uwar ta yi faɗa, ta yi duka. Ya koma ashirin, hamsin. Wayar gidan da ƙannensa ke amfani da ita ta ɓace. Aka kira kawunsa, ƙanin uwar, makanike a Suame Magazine, unguwar masu gyaran mota, ya zo ya rufe ɗaki ya zane shi da wayar wuta har jikinsa ya farfashe. Aka karɓo rubutu aka ba shi ya sha. Uban ya yi ta faɗa a waya daga kan iyaka. An tambaye shi ina yake kai kuɗin, ba a ce ba a tambaya ba, amma kowane lokaci mai tambayar da bulala a hannu yake yi, yaron kuma amsarsa ɗaya ce: "Abinci na saya." Kowa ya san ƙarya ce. Ɗan mai waakye ba ya sata don yunwa. Amma da ya faɗa, aka dake shi a kan ƙaryar, sai a tashi kamar an gama magana.

Abin da ya fasa ƙwan shi ne kuɗin adashe. Ita ce uwar adashen matan layinsu, kuma a wannan makon wadda za ta kwasa tana shirin aurar da 'yarta. Sidi 2,400 ne, ta naɗe a leda ta tura ƙarƙashin zannuwa a cikin akwati. Daren Alhamis suna nan. Asubahin Juma'a babu.

Duk wanda ya san zaman zango ya san wannan ya wuce sata. Kuɗinta da na mijinta ta iya haɗiye baƙin cikinsu. Wannan amanar mata tara ce, kuma macen da aka ce ta ci kuɗin adashe ta gama yawo a unguwa: ba mai ba ta bashin buhun shinkafa, ba mai saka ta a sha'anin biki. Ina so mai karatu ya riƙe wannan kafin ya yanke mata hukunci. Mace ce da ba ta yi barcin kirki ba shekara da shekaru, mijinta na nesa, ta gwada duk abin da ta sani bai yi ba, ga kuma mutuncinta na shirin zubewa kafin a sauko daga masallaci.

Wata maƙwabciya ce ta kawo shawarar. "Ke da kike da polis cikin masu cin abincinki? Kai shi ya zauna kanta bak yini ɗaya, wallahi da kansa zai fito da kuɗin." Kanta bak shi ne bayan kanta a caji ofis, inda ake zaunar da mutum ba tare da an jefa shi sel ba. Da gaske akwai wani ɗan sanda da ke sayen waakye a wurinta kusan kullum. Ta yi masa magana a wurin ciniki, ya ce ta kawo shi, zai ja masa kunne, da la'asar ta zo ta ɗauki abinta. Haka ta fahimci yarjejeniyar, kuma na yi imani shi ma haka ya nufa.

Wajen ƙarfe goma sha ɗaya ta kai shi. Yaron bai yi gardama a hanya ba. Abin da kawai ya ce da suka iso ƙofa shi ne, "Mma, da gaske kike?" Ta ce masa ta yi rantsuwa.

Yadda maganar ta fita daga hannunta

Wanda ta sani bai daɗe a ofis ba aka tura shi aiki waje. Wanda ke kan kanta ya tambaye ta abin da ya kawo ta, ta faɗa: ɗanta ya sace sidi 2,400. Ya buɗe littafi ya rubuta. Aka ɗauki bayaninta da Turanci, aka maimaita mata a gurguje da Tonanci, yaren Ashanti, ta dangwala yatsa. A tunaninta duk wannan cikin razanarwar ne, har ma ta ji daɗi da yaron na gani. Ta koma gida.

Da la'asar ta dawo ta tarar an canja masu aiki. Ta ce ta zo ɗaukar ɗanta. Sabon da ke kan kanta ya duba littafi ya ce, "Madam, wannan ƙara ce. An rubuta. Sai mai bincike ya zo." Ta ce ita ce uwarsa, ita ta kawo shi, ta janye. Ya ce ba haka ake yi ba. Mai binciken bai dawo ba a ranar. Da dare ya yi, ba a bar yaron a bayan kanta ba, aka karɓi takalminsa da bel ɗinsa, aka tura shi sel ɗin maza, cikin manya.

A nan ne mafi yawan iyaye ke yin kuskuren lissafi, kuma shi ne ƙashin bayan wannan lamari. Suna ɗauka ɗan sanda wani kawu ne mai kaki, a ara shi na awa uku a mayar. Amma caji ofis ba ɗaya daga cikin ɗakunan gidanka ba ne da za ka kulle yaro ka riƙe makulli a aljihu. Sata laifi ne a ƙarƙashin dokar laifuffuka ta 1960, wadda ake kira Act 29, kuma laifi ne da aka yi wa ƙasa, shi ya sa a kotu ake kiran shari'ar da sunan Jamhuriya, ba da sunan wanda aka yi wa satar ba. Wannan dokar ta sa shekara 12 a matsayin iyaka: wanda bai kai ba ba a tuhumarsa da laifi, wanda ya kai ana iya tuhumarsa. Ɗan shekara 14 ya wuce layin. Daga lokacin da biro ya hau takarda, uwar ta tashi daga mai horo ta koma mai ƙara, kuma mai ƙara ba shi ke da ikon cewa a tsaya ba.

Ɗan sandan da ya rubuta ƙarar bai yi laifi ba, aikinsa ke nan. Laifin da aka yi wa yaron shi ne na daren. Kundin tsarin mulkin 1992 ya faɗa ƙarara cewa yaron da ke tsare a ware shi daga manya. Dokar shari'ar yara ta 2003, Act 653, ta maimaita haka, ta ƙara da cewa ba a yi wa yaro tambayoyi sai a gaban mahaifi ko mariƙi ko lauya ko ɗan'uwa na kusa, in babu sai jami'in kula da yara, kuma in ba a sake shi ba dole a kai shi gaban kotu cikin awa 48. Ghana ce ƙasa ta farko a duniya da ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara, a 1990. A takarda ba mu da abin kunya. Sai dai ofisoshin 'yan sanda da yawa ba su da ɗakin yara, kuma ɗan sandan da ke aikin dare ba zai bar wanda aka rubuta a littafi yana zaune a sarari ba, gudun kada ya tsere a ce shi ya sake shi. Iyaye su san wannan tun kafin su taka: abin da doka ta ce daban, abin da ke jiran yaro ƙarfe goma na dare daban.

Daren nan uwar ba ta koma gida ba sai da aka kore ta daga ƙofar. Ta kira ƙaninta, ya zo yana huci. "Yaya, me ya kai ki? Ko kashe shi zan yi da duka ai a gida ne!" Na ji wannan magana da kunnena washegari yana maimaita ta, kuma ban yarda da rabinta na biyu ba, zan dawo kanta. Da safiyar Asabar muka taru: kawun, limamin masallacin layin, asambuliman, wato wakilin unguwar a majalisar yanki, da ni. Mai binciken ya zo da rana. Shugaban ofishin ya saurare mu bayan la'asar. Mutum ne mai hankali, kuma ransa ya ɓaci da ya ji inda yaron ya kwana. Ya sa aka fito da shi, ya yi masa gargaɗi na baki a gabanmu, abin da Act 653 ta ba 'yan sanda damar yi maimakon kai yaro kotu. Sannan ya juya ga uwar ya ce mata nan ba makaranta ba ce, kada ta sake. Kusan magariba muka fito.

An yi sa'a. Da an samu wanda ya nace a bi takarda har ƙarshe, hanyar ita ce kotun yara, watakila a tsare shi a gidan ajiyar yara kafin shari'a, jami'i ya zo ya binciki gida ya rubuta rahoto, in abin ya yi muni a ƙare a gidan gyaran hali irin na Agona Swedru, ko na manyan yara da ke Roman Ridge a Ankara, babban birnin ƙasa. Uwar ba ta taɓa jin sunan ko ɗaya daga cikin wuraren nan ba ranar da ta dangwala yatsa.

Abin da dare ɗaya ya koya masa

Yaron bai faɗa mana komai ba a hanya. Daga baya ne, kaɗan-kaɗan, labarin ya fito. Ɗakin ƙarami ne, cike da maza, zafi da wari. Akwai wanda suke kira shugaban sel, shi ke raba wurin kwana, kuma sabon zuwa kusa da wurin bahaya ake ajiye shi. An sa shi fifita wani da kwali. An mare shi sau ɗaya don ya taka ƙafar wani a duhu. Ya yi kuka. Sai wani saurayi, ɗan shekara ashirin da wani abu, daga wani bes, wato majalisar samari, da ke bayan layinsu, ya gane shi. Ya ce a ƙyale shi, ƙaninsa ne. Ya matsa masa a kan kwalinsa, ya gutsura masa burodi, ya ba shi ruwan leda. Ya tambaye shi wa ya kawo shi. Da ya ce mamansa, saurayin ya yi shiru, sannan ya ce, "In ka fita ka zo bes. Mu ba ma kai namu."

Na daɗe ina juya wannan magana. A daren da ya fi kowane tsanani a rayuwar yaron, ba uwa, ba kawu, ba malam, ba liman. Wanda ya tsaya masa shi ne ainihin irin mutumin da ake tsoron ya zama. An kai shi ne don ya ji tsoron wannan hanya, sai ga shi a can aka yi masa alheri. Kuma abin da ake razana shi da shi tun yana ƙarami, polis da sel, ya gani, ya kwana, ya fito da ransa. Daga ranar kalmar "polis zan kai ka" ba ta da sauran nauyi a kunnensa.

Makonnin da suka biyo baya sun fi na kafin a kai shi muni, duk da cewa bai sake ɗaukar ko sisi ba. Ya daina cin abincin uwar. In ta shigo ɗaki ya fita. Ba ya rashin kunya, ba ya ɗaga murya, gaisuwa ce kawai sai shiru. Labari ya riga ya zaga, domin a gidan haya ba a ɓoye irin wannan. A sukul yara suka laƙa masa "ɗan sel". Maƙwabciyar da ta kawo shawarar tana cikin na farko da suka hana 'ya'yansu tafiya da shi. Ya fara fashin makarantar yamma, aka fara ganinsa a bes ana dafa ataya, wata rana ma a can ya kwana. Uwar ta same ni bayan an tashi karatu, ta ce, "Malam, na kai shi ne don ya dawo mini, sai ga shi kamar na miƙa shi."

Akwai wani nauyi a kan wannan da ya keɓanci zangon Kumasi. A watan Yulin 2018 'yan sanda suka harbe samari bakwai 'yan zango a yankin Manso Nkwanta, aka ce 'yan fashi ne. Unguwanni suka yamutse. Kwamitin da gwamnati ta kafa bai samu hujjar cewa 'yan fashi ne ba, aka dakatar da 'yan sanda 21, aka biya iyalan kowane mamaci sidi 250,000. Yaran da ke JHS yanzu da wannan labari suka taso, a bes da wurin aski da bakin masallaci. Ba ina cewa kowane ɗan sanda abokin gaba ne ba, shugaban ofishin da ya sake mana yaron ya isa shaida. Amma yaron zango da uwarsa ta miƙa wa polis ba zai fassara abin da "tana so in gyaru" ba. Fassararsa ita ce "ta sallama ni."

Ba mu kaɗai muka taɓa zaton tsoro na gyara yaro ba. A Amurka, a shekarun 1970, an fara wani shiri a kurkukun Rahway da ke jihar New Jersey, inda ake kai yara masu ƙiriniya gaban fursunoni su yi musu tsawa su kwatanta musu rayuwar ciki. Shirin ya yi farin jini, ya bazu. Da masana suka tattara gwaje-gwaje tara da aka yi a kan irinsa, a nazarin da ya fito a 2002 aka sabunta a 2013, sai suka tarar yaran da aka kai sun fi waɗanda ba a kai ba faɗawa laifi daga baya. Can ma ziyara ce ta 'yan awoyi, da masu kula a tsaye. Namu kwana ya yi, ba mai kula.

Ina kuɗin suka tafi

Kakarsa ta wajen uba ce ta warware abin da duka da sel suka kasa. Tsohuwa ce, tana zaune a wata unguwar. Da labari ya kai mata ta zo da kanta, ba ta zagi surukarta ba, ta ce kawai, "Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Ba ni shi." Ta tafi da shi. Ta yi masa tuwon zafi da miyar ayoyo, ta sa shi ɗebo ruwa da rakiya masallaci, ba ta tambaye shi komai ba. Kwanaki suka wuce. Wani dare shi da kansa ya buɗe baki.

Caca ce. Ya fara da na'urar jefa kwabbai da ke cikin wani shagon kwantena a hanyar sukul. Daga nan wani saurayi da ke zama a wurin ya nuna masa cacar ƙwallo a waya. Yaron ba shi da damar buɗe asusu, don haka yakan ba saurayin kuɗi a hannu, shi kuma ya buga masa a nasa. A farkon farawa ya saka sidi biyar ya ci ɗari uku. Yaro mai kaifin lissafi, mai bin wasannin Ingila da Sifaniya, sai ya ɗauka iliminsa ne ya ci, ba sa'a ba. Da ya fara faɗuwa saurayin ya ce ba komai, zai riƙa buga masa bashi. Bashin ya taru. Wayar gidan jingina ta tafi. Aka fara tare shi a hanya, ana nuna masa wuƙa a ƙugu, ana cewa in bai biya ba za a je wurin cinikin uwarsa a yi mata tijara a gaban mutane. Daren Alhamis ɗin nan ya ɗauki kuɗin adashen, ya biya bashin sidi ɗari tara, sauran kuma ya zuba su duka a wasannin daren, da lissafin zai ci ya mayar da 2,400 cikin akwati kafin uwar ta tashi ɗora tukunya.

Wannan bai wanke shi ba. Ya yi sata, ya ci amana, ya jefa uwarsa cikin kunya, kuma na faɗa masa haka ido da ido. Amma a duba yadda aka juya abin. Dokar caca ta 2006, Act 721, ta haramta caca ga wanda bai kai shekara 18 ba. Akwai baligi da ke karɓar kuɗin yaro yana buga masa, yana ɗora masa bashi, yana yi masa barazana da makami. Akwai mai shago da ke barin 'yan sukul da yunifom suna jefa kwabbai. Lamarin yana da aikin 'yan sanda a ciki, sosai ma. Sai dai wanda aka kai ba shi ne ya kamata a kai ba. Kuma ba a gane haka ba saboda wata shida ana tambayar yaron a yanayin da faɗin gaskiya ya fi ƙarya haɗari a wurinsa.

A nan zan koma kan maganar kawun. Mutane da yawa da suka ji labarin sun ce kuskuren uwar shi ne fitar da magana waje, da ta bari an ci gaba da dukansa a gida. Ban yarda ba. Dukan ne ya rufe masa baki tun farko. Dokar yara ta 1998, Act 560, ba ta hana iyaye horo ba, amma sashe na 13 ya ce horon da ya wuce hankali, a irinsa ko a yawansa, ba shi da hujja. Wayar wuta a jikin ɗan shekara 14 har fata ta fashe ta wuce hankali ta kowace fuska, ta doka da ta addini. Sashen 'yan sanda na DOVVSU, wanda wasu iyaye ke ɗauka wurin kai yara masu taurin kai ne, an kafa shi ne don kare waɗanda ake cuta a cikin gida. Da sun ga bayan yaron a wancan makon, kawun ne zai amsa tambayoyi.

To ina uwa irin wannan za ta nufa? Tambayar da ta yi mini ke nan, kuma tana da gaskiya. Akwai ofishin jin daɗin jama'a a kowace majalisar yanki, har da ta birnin Kumasi da ta Asokore Mampong, kuma yaron da ya faɗa hannun miyagun abokai yana cikin waɗanda doka ta ɗora musu kulawa da su. Act 560 ta kuma tanadi kwamitin sasanta lamuran yara a matakin yanki, wanda zai iya sauraron ƙananan laifuffuka ba tare da kotu ba, ya sa yaro ya ba da haƙuri ko ya biya abin da ya ɓata, ko ya danƙa shi ga wani mutumin kirki a unguwa ya kula da shi har wata shida. A wurare da yawa waɗannan kwamitoci ba sa zama. Amma duk wanda ya karanta tanadin zai ga abin da zango ke da shi ne tun kafin a rubuta doka: dattijon da ake kai wa yaro, mai unguwa, liman, magajiya, malamin makaranta. Abin da ke ci mini rai shi ne, ban da kawun, mu ukun da muka yi sammako ranar Asabar don karɓo yaron duk muna nan a unguwar tsawon wata shidan da uwar ke fama ita kaɗai. Ba ta zo ba saboda kunya, gudun a ce ɗanta ɓarawo ne. Ta ga ya fi mata sauƙi ta faɗa wa baƙo mai kaki da ta faɗa wa limamin da ke sallah da mijinta. Wannan abin dubawa ne ga masallatanmu da sarakunan zango, domin in ƙofar dattawa ta fi ta caji ofis wuyar shiga, iyaye za su ci gaba da zaɓar ta caji ofis.

Akwai lokacin da kiran 'yan sanda kan ɗanka wajibi ne: ya ɗauki makami a kan 'yan gida, ya taɓa wata yarinya, ƙwaya ta juya masa kai har ana tsoron rai. A irin wannan ba a jira, kuma uwar da ta kira ba ta yi laifi ba. Amma ko a nan, babba ya tafi tare da yaron ya tsaya, a faɗi shekarunsa tun a kanta, a nemi jami'in jin daɗin jama'a, kada a dangwala yatsa a takardar da ba a fahimta ba. Abin da nake ƙi shi ne aron polis don tsoratarwa.

Inda ake yanzu

Uban ya dawo, aka zauna a zauren liman. Dattawa suka kira saurayin mai buga cacar tare da yayansa, aka karɓo wayar gidan, aka gaya masa in ya sake tare yaron ko wani yaro za a kai shi ƙara da shaidu. Asambuliman ya kai kuken shagon kwantenan, aka ɗauke na'urar, bayan 'yan makonni wata ta bayyana a wani layin. Wata jami'ar jin daɗin jama'a ta zauna da yaron da uwar, kowa daban, sannan tare. Matan adashen suka yarda a biya su kashi-kashi, wadda ke da biki kuma aka haɗa mata rabin kuɗinta a lokacin. Yaron na zuwa Magazine ranar Asabar da Lahadi wurin kawunsa, bisa sharaɗin da kaka ta gindaya cewa ba duka, kuma abin da ya samu yana shiga biyan adashen. Ya koma sukul da makarantar yamma. Bai daina gaisawa da mutanen bes ba, kuma wanda ya ba shi burodi a sel har yau "Yaya" yake ce masa.

Har yanzu a gidan kakarsa yake kwana. Yana zuwa gaida uwar, yana taya ta ɗaukar kaya zuwa bakin titi in an aike shi, amma bai koma cin abinci a ɗakinta ba. Uban na son a tura shi wurin ɗan'uwansa a Tamale ya ƙarasa JHS a can, nesa da bes da masu kiransa ɗan sel. Uwar ta ƙi, ta ce sau ɗaya ta raba shi da gida kuma ba za ta ƙara ba. Kaka ta ce a bari a gama wannan zangon karatu, sannan a tambayi yaron.